Kiwon tsutsar siliki a bayan gida, daga damina zuwa hunturu

2 ga Yuni, 2024

Zurma ta tsiro. Layi biyu na shuka a gindin katangar gabas, inda ruwan wanke-wanke ke bi, sauran kuma zan dogara ga wadda ke fitowa da kanta a kangwaye da bakin bola, don a nan Samaru ba a rasa ta. Ganyenta nake so. Shi ne abincin tsutsar siliki da ake kira eri, wadda mutanen Assam, a arewa maso gabashin Indiya, suke kiwo tun kaka da kakanni. Wani abokina mai binciken ƙwari ya yi alkawarin aiko mini da ƙwanta da zarar ruwa ya zauna.

Da an ce siliki, hankalin kowa kan tsutsar ƙasar Sin yake tafiya, wadda masana ke kira Bombyx mori. Ita sai ganyen malbari, ni kuwa ba ni da ko gindi ɗaya. Eri tana cin zurma, in ta rasa ta ci ganyen rogo, kuma duka biyun ba sai an je kasuwa ba.

Akwai kuma gidajen tsutsa da na tsinko a rassan magarya cikin watan Fabrairu. Suna rataye a kejin da na haɗa da katako da tsohon gidan sauro. Masu launin toka ne, masu tauri, kowanne da ɗan igiyarsa da tsutsar ta ɗaure shi a reshe. In ka girgiza mai rai sai ka ji nauyi ya buga daga ciki, wanda ya mutu kuwa ƙaras-ƙaras za ka ji. Na wani babban faɗa-wuta ne na ƙasashen Sahel, Epiphora bauhiniae. Tun da na kawo su ba wanda ya motsa.

Abin da ya sa ni wannan hidima tambaya ce guda. Kakanninmu sun yi aikin manyan riguna da zaren tsamiya, silikin dajin nan namu, amma tsinto shi ake yi, ban taɓa jin wanda ya kiwata tsutsar a gida ba. Ina so in ga dalili da idona. In Allah ya yarda kuma, kafin shekara ta ƙare in samu zaren da mai ɗinkin hannu zai iya zura wa allura.

20 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma shekaranjiya da yamma faɗa-wuta na farko ya fito daga gidajen da na tsinko a magarya. Mace ce. Ta fito jiƙe, fukafukai a cukurkuɗe, ta hau jikin ragar ta rataya, tana tura ruwan jikinta cikin jijiyoyin fukafukan har suka miƙe. Wannan lokacin ba a taɓa su, kuma dole su samu wurin ratayewa, in ba haka ba fukafukan su bushe a karkace, shi ke nan ba tashi. Da ta gama, faɗinta ya haura santimita 10, ruwan ƙasa mai sirkin shunayya da fari, kowane fiffike da taga mai haske wadda ake hango yatsa ta bayanta.

Yara suka kawo mata ruwan sukari a murfin kwalba. Na ce su mayar, ba ta da bakin ci. Duk dangin nan haka suke: abin da suka tara suna tsutsa da shi za su rayu, kwana kaɗan ne, aikinsu barbara da ƙwai kawai.

Jiya da dare na fitar da kejin tsakar gida. Can cikin dare, kafin kiran sallar farko, na ji fafar-fafar a jikin raga. Maza ne, sun zo daga waje, alhali magarya mafi kusa da mu tana can bayan gonaki. Macen tana fitar da wani ƙamshi daga ƙarshen cikinta wanda hancin mutum ba ya ji, namijin kuma yana kama shi da ƙahonninsa masu faɗi da gashi-gashi, ya biyo iska har inda take. Wani masani ɗan Jamus, Adolf Butenandt, shi ya fara ware irin wannan sinadari a 1959, daga tsutsar Sin, kuma sai da ya yi amfani da mata kusan 500,000 kafin ya tara abin da zai iya aunawa. Na buɗe ƙofar kejin na bar ɗaya ya shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin. Zafin Maris da Afrilu ya wuce ta kansu ba su fito ba. Yayyafin farkon Mayu ma bai ruɗe su ba. Sai da ƙasa ta sha sosai, magarya ta yi sabon ganye. Su ma mazan daji a makon suka fito, in ba haka ba da ba su haɗu ba.

4 ga Yuli

Ƙwan da macen nan ta magarya ta zuba ya ƙyanƙyashe. Matsalar ganye ce. Reshen magarya in an yanke shi ba ya daɗewa yake yaushi, ko an tsoma gindinsa a kwalbar ruwa, ga ƙaya da ke yaga hannu duk lokacin canji. Kuma ƙananan ba sa zama wuri ɗaya, sai su bar ganye su kama yawo a jikin kwali.

Na roƙi wani maƙwabci mai magarya a gefen gonarsa, ya ba ni izini. Na ɗinka gidan sauro ya zama dogon buhu, na zura wa reshe, na zuba tsutsotsin ciki, na ɗaure bakin. Haka za su ci ganye mai rai, tsuntsu da rina ba za su kai gare su ba. Tururuwa ce kawai raga ba ta tsare wa, sai na shafa baƙin mai a tsumma na naɗe gindin reshen.

17 ga Yuli

Ƙwan eri ya iso ranar Juma'a cikin kwalin ashana da auduga. Fari-fari ne da ya zo, sannu a hankali ya koma toka-toka, alamar ya kusa. Jiya da safe suka fara fita, tsawonsu bai wuce milimita 5 ba, rawaya-rawaya da baƙin kai. Ba a ɗaukarsu da hannu. Sai ka ɗora ɗanyen ganyen zurma na saman kai a kansu, su hau da kansu, ka ɗauke ganyen zuwa faifai.

Bambancinsu da na magarya tun ranar farko ya fito. Inda ka ajiye su nan za ka same su, a cure wuri ɗaya a bayan ganye. Shekaru aru-aru a hannun mutum sun cire musu yawo.

Na kafa doka a gidan, kuma ba ta yi wa kowa daɗi ba: ba maganin sauro na hayaƙi, ba fiya-fiya, ba fesa komai a ɗakin da ke kusa da shagon da suke. Uwargida ta ce to sauron kuma ni zan yi masa magana ya bari? Na sayo sabon gidan sauro, aka zauna lafiya. Ƙafafun teburin kowacce tana cikin gwangwanin ruwa saboda kiyashi. Tagar kuma na sa mata raga, don tsaka da ƙadangare ba su da kunya.

Gwaggo ta leƙo ta daɗe tana kallo. "Kai ɗan nan, mutane na kiwon kaji kai kana kiwon abincin kaji?" Na ce mata zare za su yi, kuma ita za ta kaɗa. Ta ce Allah ya kai mu, ita dai rabonta da mazari tun kafin a haifi babban ɗana.

26 ga Yuli

Sun yi saɓa ta biyu. Kafin kowace saɓa sukan daina ci, su ɗaga kai su sandare kusan yini guda, wanda bai sani ba sai ya ce sun mutu. A wannan lokaci ba a ba su ganye, ba a share faifai, domin sun riga sun liƙe ƙafafunsu da zare a jikin ganye don su samu abin tokarewa su zare tsohuwar fata. Sau huɗu za su yi haka kafin su isa saƙa.

Launinsu ya koma fari, da wani gari-gari a jiki da ƙananan tsinkuna masu laushi. Ba sa harbi, ba sa ƙaiƙayi.

3 ga Agusta

Marka ta zauna, kuma sun shiga matakin ƙarshe. Duk abin da suka ci a baya wasa ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ganyen da tsutsar za ta ci a rayuwarta a wannan mako take cinye shi. Zurmar gida ta ƙare ƙarƙaf, sai sanduna. Da asuba nake fita da buhu, da la'asar yara su fita. Ganyen da ke kusa da gonar masara ko wake ba ma taɓa shi, don yanzu kowa fesa yake yi, kuma iska tana kai maganin inda ba a aike shi ba.

Na raba faifai ɗaya na koma ba su rogo zalla don in gani. Sun ci, amma sai da suka yi jinkiri, kuma a ido ma na zurma sun fi su ƙiba.

Yanayin dai ya yi musu. Eri ta fi son zafi tsakanin digiri 24 da 28 da danshi mai yawa, Agustan Zariya kuwa haka yake ba sai ka yi komai ba. Illar marka ita ce jiƙaƙƙen ganye da cunkoso. Wasu kaɗan sun saki jiki, suka yi laushi, suka yi baƙi da wari. Da na ga ɗaya nake cire ta in binne nesa, in canza takardar ƙasa, in barbaɗa ɗan farar ƙasa a gefen faifan. Ganye kuma sai ya sha iska a kan tabarma kafin ya shiga ɗakin. Kashinsu na tarawa nake a tsohon bokiti, taki ne mai kyau.

9 ga Agusta

Saƙa ta fara. Tsutsar da ta isa takan daina ci, ta zubar da duk abin da ke cikinta, jikinta ya ɗan rage ya yi haske, ta kama yawo tana neman lungu. Masu kiwonta a Indiya suna da gwaji mai sauƙi: ka kai ta kusa da kunne ka ɗan murza ta a hankali tsakanin yatsu, in ta nuna za ka ji wani sauti na fanko, in da saura ba za ka ji komai ba. Na gwada, haka ne.

Na cika kwando da busasshen ganyen mangwaro na zuba su. Kowacce ta ja ganye biyu ko uku ta haɗa, ta shiga juya kai. Zaren daga wasu jakunkuna biyu yake fitowa a cikin jikinta, ruwa ne, yana fita ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin baki sai ya daskare. Abu biyu ne a haɗe: zaren kansa, da wani danƙo da ke liƙe shi. Cikin kwana uku gidan ya rufe, fari tas.

A nan eri ta bambanta da tsutsar Sin. Ta Sin zare ɗaya take yi ba yankewa, yakan kai mita 600 zuwa 900, shi ya sa ake kashe abin da ke ciki da zafi kafin ya huda gidan, sannan a warware. Eri tana barin kafa a gefe ɗaya, zarenta kuma guntu-guntu ne, ba ya warwaruwa. Kaɗa shi ake yi yadda ake kaɗa auduga. Wannan ya yi mini daidai ta fuska biyu: ba sai na kashe komai ba, kuma aikin ya faɗo hannun da ya riga ya san mazari.

Na magarya su ma sun saƙa nasu a cikin buhun raga. Waɗanda suka rayu har zuwa saƙa ba su kai rabi ba.

28 ga Agusta

Eri sun fito, yawanci da sassafe. Ruwan ƙasa mai duhu, da farin layi da ya ratsa fukafukai da alamar jinjirin wata a kowanne. Ba su cika tashi ba, musamman matan da ciki ya yi wa nauyi. Da magariba suka haɗu, washegari na raba su, na ɗora kowace mace a kan guntun kara ita kaɗai. Mace ɗaya takan zuba ƙwai 300 zuwa 500 cikin darare biyu ko uku.

Dalilin ware kowacce da karanta tsoho ne. A tsakiyar ƙarni na 19 wata cuta mai sa ɗigo-ɗigon baƙi a jikin tsutsa ta kusa kashe sana'ar siliki a Faransa da Italiya. A 1865 gwamnatin Faransa ta tura Louis Pasteur garin Alès, kuma abin da ya fito da shi har yau da shi ake aiki: cutar daga uwa take shiga ƙwai, saboda haka bayan ta gama zubawa sai a niƙe uwar, a duba ruwan a madubin hangen ƙwayoyin cuta, in akwai cutar a ƙone ƙwanta duka. Na sa matattun uwayen a ambulan, kowacce da lambar karanta, abokina zai duba mini.

Wani ɗan'uwa da ya ji cewa a Assam da maƙwabciyarta Nagaland cin abin da ke kwance cikin gidan eri ake yi, ya tambaye ni ko tsutsar tsamiya ma ana ci. Ana cin wata 'yar'uwarta, Anaphe venata, a ƙasar Ijesha da ke kudu maso yammacin Najeriya. Shekaru da dama kuma a yankin ake fama da wata rawar jiki da tangaɗi da ke zuwa da damina, sai a 1993 wani likitan jijiyoyi ɗan Najeriya ya danganta ta da cin tsutsar. Daga baya aka gano tana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin mutum. Na ce masa mu tsaya a zare.

8 ga Satumba

Daren jiya ba wata, na shanya farin zani a igiya na kunna fitilar caji a gabansa. Wannan ɓangaren ba ruwansa da siliki, kallo ne kawai da ɗaukar hoto.

Babban baƙo shi ne wani mai launin toka, mai jan ratsi a gefen ciki, mai tashi da gudu. Da na warware harshensa da tsinke ya fi jikinsa tsawo. Tsutsarsa ce babbar nan mai ƙaho a wutsiya da ake gani a kunyar dankali. Mafi yawa kuwa ƙanana ne masu ruwan ƙasa da farin fiffiken baya, waɗanda ba wanda zai kalla sau biyu. Su ne uwayen tsutsar da ke cin zuciyar masara. Daga nahiyar Amurka ta zo, a farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, cikin shekara biyu ta game yawancin nahiyar. Ita ce ta sa fesa ya yi yawa haka, ita ce kuma a kaikaice ta sa nake tafiya mai nisa neman ganye mai tsabta.

Masu cewa kiwon faɗa-wuta aikin marar aikin yi ne, su leƙa Maraɗi. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana kiwon wani ƙaramin asu mai cin hatsi, a kan tsutsarsa ake renon wani ɗan mitsitsin zanzaro, a sa su a ƙananan buhunan algarara a rarraba a ƙauyuka. Zanzaron ya fita ya kashe tsutsar da ke murzar zangarniyar gero.

22 ga Satumba

Na shiga cikin birni ta Ƙofar Doka wurin wani dattijo mai ɗinkin hannu, na kai masa gidajen eri da babu kowa a ciki. Ya juya ɗaya a hannu, ya ja bakin da farce.

"Malam, wannan ba tsamiya ba ce."

"Ba ita ba ce, Baba. Ta Indiya ce, a gida na kiwata."

Ya shiga ciki ya fito da tsohuwar riga, aska takwas, aikin ya cika ƙirji ya haura kafaɗa, da tambari a baya. Zaren ba ya walƙiya irin na kanti. Launin madara ne da ya ɗan ja ƙasa, kuma inda aka cika ɗinkin ya yi tauri ya kwanta. Ya ce ta mahaifinsa ce, an wanke ta an buga ta ba adadi, yadin ya fara mutuwa amma aikin yana nan. Ya ce da can fatake ke kawo gidajen daga dazuzzukan doka, mata su dafa da toka su kaɗa, masu ɗinki su saya. Jan alharini kuwa daban ne, shi ta hamada yake zuwa daga Tarabulus, da shi ake saƙa barage.

Na tambaye shi ko ya taɓa jin wanda ya kiwata. Ya yi dariya. "Wa zai kiwata abin da Allah ya rataye a bishiya? Kuma ka taɓa riƙe gidan da hannu?" Na ce a'a. Ya ce to in na riƙe in dawo mu yi magana.

Yanzu zaren kanti suke amfani da shi. Ya ce ba tsada ce kawai ta kashe tsamiya ba, masu kaɗin ne suka ƙare, dajin ma ga gawayi ga rashin tsaro.

6 ga Oktoba

Dafuwa. Na juye kowane gida na kakkaɓe busasshiyar fatar da ke ciki, na ƙulle su a tsumma, na tafasa kusan awa guda a ruwan toka da ɗan sabulu. Aikin tokar narkar da danƙon nan ne. In dafuwar ta gaza zaren ba ya jawuwa, in ta zarce ya yi rauni ya cure. Gwaggo ce ta tsaya a kan tukunyar, tana ciro ɗaya tana ja da yatsu, har ta ce a sauke. Muka ɗauraye, muka buɗe kowanne a cikin ruwa ya zama faifai-faifai, muka shanya a inuwa.

Da ya bushe ta ciro mazarinta daga ƙasan adaka, ta shafa alli a yatsu. Farkon bai yi kyau ba, yana ta yin ƙulli yana tsinkewa. Ta ce gashinsa ya fi na auduga tsawo da santsi, ba ya son a fizge shi, sai an ja shi da nisa kafin a sake shi ya murɗe. Ta ɗan jiƙa shi, daga nan ya bi hannu. Kafin la'asar ta cika mazari ɗaya.

Lissafin kuwa ba ya faranta rai. Fankon gidan eri bai cika kai rabin giram ba, wato kilo ɗaya na buƙatar fiye da gida 2,000, kafin ma a cire abin da dafuwa ke ragewa. Duk abin da na tara a zubin farko tafin hannu biyu ya riƙe shi. Wanda zai ce wannan hanyar kuɗi ce a bayan gida, bai ɗebi ganye da asuba ba.

Gidajen magarya da suka fashe na dafa su daban. Sun fi tauri nesa ba kusa ba, sai da aka ƙara kanwa aka ƙara wuta. Zaren toka-toka ne, mai ƙarfi. Gwaggo ta ce wannan sai dai igiyar laya.

27 ga Oktoba

Wani mai kawo zuma daga wajen Kauru ya kawo mini gidan tsamiya guda, bayan na yi ta yi masa naci. Dunƙule ɗaya ne babba, ya cika hannu biyu, da fata mai kauri a waje. Da na yanka shi da almakashi sai ga ƙananan gidaje jere a ciki, sun fi ɗari, kowanne na tsutsa ɗaya. Taron dangi suke yi su saƙa babban, sannan kowa ya shiga ya yi nasa.

Maganar Baba ta tabbata kafin in ajiye almakashin. Gashin tsutsotsin yana nan cakuɗe da zaren, ya bi iska ya shiga wuya da tsakanin yatsu, ƙaiƙayi har washegari. Sauran aikin a jiƙe na yi shi, da safar hannu da takunkumi, yara kuma na kore su.

Yanzu amsar tambayata ta fara haɗuwa. Tsutsar eri mako uku take ci ta saƙa, kuma a shekara ana iya zubi biyar ko shida. Dangin tsamiya sau ɗaya suke yi a shekara, kuma wadda masana na cibiyar binciken ƙwari ta icipe suka bi a dajin Kakamega na Kenya takan yi wata uku zuwa huɗu tana ci. A ayari suke tafiya, ɗaya na bin ɗaya, ba sa zama a faifai, in an raba su ba za a samu babban gidan ba. Bishiyarsu suke so, doka ko kirni, ba ganyen da aka tsinko ba. Ga gashi. Su masu binciken ma ba ɗaki suka kai su ba, raga suka sa wa rassan a daji, irin abin da na yi wa na magarya. A ganina wanda ke son tsamiya ta dawo, ba faifai zai saya ba, doka zai hana a sare.

Dafuwarta ta ci itace, ta ninka ta eri. Gwaggo da ta taɓa shi bayan ya bushe ba ta ce komai ba sai da ta kaɗa kamu guda. Sannan ta ce, "Wannan na san shi."

8 ga Disamba

Hunturu ya shigo, kuma eri ba ta san da shi ba. Ba ta da barcin rani. Ko da ganye ko babu, ko da sanyi ko zafi, ƙwai zai ƙyanƙyashe, faɗa-wuta zai fito. Zubi na uku ya ja lokaci sosai saboda sanyin dare, gidajen ƙanana, wasu da suka fito fukafukansu sun bushe kafin su miƙe. Ganye in na kawo, kafin awa biyu ya zama takarda.

Na rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a taga da ƙofa, na ajiye randa a buɗe a ɗakin, ganye kuma yana cikin jiƙaƙƙen tsumma. Da dare ina rufe faifan da kwali. Zurmar kangwaye duk ta bushe, saura ta gida da nake ba ruwa da ta bakin lambu a gefen rafi.

Na magarya da suka saƙa a ƙarshen damina ba ruwansu da wannan duka. Ba ci, ba sha, ba buhu. Aikina da su kawai in kare su daga ɓera.

Sakamakon uwayen da aka duba ya dawo tuni, ba cuta.

19 ga Janairu, 2025

Na kai wa Baba zare kala uku. Na magarya ya ajiye gefe ba magana. Na eri ya zura a allura ya yi ɗan ɗinki a ƙyallen farin yadi, ya ce yana da laushi, ya fi tsamiya fari, amma murɗin ya yi sako-sako, yana tashi gashi in ya ratsa yadi sau da yawa. A gaya wa mai kaɗin ta ƙara murɗi, a kuma haɗa biyu a tufka. Na tsamiya kuwa ya ce shi ne, sai dai abin da na kawo ko linzamin wuya ba zai gama ba.

Na isar wa Gwaggo saƙon. Ta ce a gaya masa ya zo ya kaɗa da kansa. Da daddare kuma na ji ta tana ce wa babbar 'yata ta miƙo mata allin.

Saura matsalar bazara. Zafin Maris da Afrilu a nan yakan kusa digiri 40, eri ba za ta kai ba, kuma tunda ba ta barci ba yadda zan adana irin a kwali in jira ruwa. In zubi ɗaya ya yanke, iri ya tafi. Na yi magana da wani abokin karatuna da ke zaune a Jos, yana da zurma a bayan gida da ɗaki mai sanyi, ya yarda ya riƙe mini su zubi biyu, ya dawo mini da ƙwai a watan Yuni. Na rubuta masa dokokin a takarda, ta farko ita ce ta maganin sauro. Matan da suka fito jiya sun fara zubawa, kuma ƙwan bai kamata ya wuce kwana huɗu ko biyar ba kafin ya kama hanya, saboda haka ranar Laraba zan kai shi tasha in ba direban motar Jos hannu da hannu, in roƙe shi kada ya ajiye kwalin a kan dashbod.